Turken da Adda Nagode ta Cire

A unguwar da ke bayan tashar Talatar Mafara, in ka tambayi gidan Nagode mai shinkafa, ko akuya ka tambaya kusan ta nuna maka. Ita ce mai turara shinkafar da ba a tsince wa tsakuwa. 'Yan sari suna zuwa zaurenta tun ranar Litinin don kada a riga su, ita kuwa tana daga ciki, gaban tukunya, hayaƙi ya mayar mata da idanu ja. Ba ta danne kwanon awo, ba ta faɗa da kowa, ba ta zuwa biki sai dole. Mata suna cewa halinta sai waliyyai.

Ni ma haka nake cewa har daminar bara. 'Yar wan mahaifina ce, shi ya sa nake kiranta Adda. Kuma ita ce ta bar mahaifina ya yi shekara goma sha shida ana kiransa ɓarawon gonar ɗan'uwansa, alhali gaskiyar tana naɗe cikin tsohon kallabi a ƙasan akwatinta. Abin da zan rubuta daga bakinta na ji mafi yawansa. Ban ƙara ba, kuma ban yi niyyar rage mata komai ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Mafara da Bakura. Kakanmu ya bar gona ɗaya babba, aka raba wa 'ya'yansa maza biyu: Hayatu, mahaifin Nagode, wanda muke kira Baba Babba, da ƙanensa Jatau, mahaifina. Iyakar da ke tsakaninsu layin gamba ce, da wata ɗorawa da kakan ya dasa da hannunsa. Gabas da ɗorawa na Hayatu, yamma na Jatau. Babu takarda, kuma ba a taɓa buƙatarta ba. Kalwar da aka samu ma tare matansu suke dafa daddawarta.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Aka ce za a tare gulbi can wajen Maradun, a jawo ruwa ta magudanai, a yi noma rani da damina. Amma kafin nan sai an baje gonaki duka sun zama fili ɗaya, daga baya a mayar wa kowa da tasa. Don a san ta wane ce ta wane, aka turo masu awo. Aikinsu kashi biyu ne. Na farko su auna gona su kafa mata turken katako mai lamba da jan fenti. Bayan kwanaki wasu su biyo da babban littafi, su karanta lambar da ke jikin turke, su rubuta sunan mai gona.

A shekarar 1977 suka iso wajenmu. Nagode tana da shekara goma sha biyar, tana tallar fura.

Cikin masu kafa turakun akwai wani saurayi, Jibrin, mutumin Maradun. Lebura ne kawai, shi ke ɗaukar guduma da gwangwanin fenti. Dogo, mai wushirya, yana rataya hularsa a aljihun baya. Ranar farko ya sayi fura, ya sha, ya goge baki da bayan hannu, ya ce, "Ke mai fura, taki ta hi ta kowa yaji." Iyakar abin da ya taɓa faɗa mata ke nan mai kama da yabo. A kan wannan magana ɗaya ta gina duniya guda.

Ta ware masa ludayi nasa shi kaɗai, tana ɓoye shi ƙarƙashin faifai don kada bakin wani ya taɓa. Ta daina bin hanyar da uwarta ta saba aikenta, ta koma bin masu awo gona gona, wani lokaci har ta hango rumbunan Bakura. Tana dawowa bayan la'asar da rabin fura a ƙwarya, ta sha duka, gobe ta koma. Ta san tarinsa daga nesa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma da kallon hannunsa yana zana lamba ta koyi rubuta ɗaya zuwa tara. Har yau in ta rubuta biyar sai ta ja mata wata doguwar jela a sama, irin tasa.

Mutum ɗaya ta gaya wa, ƙawarta Taibatu, wadda ta girme ta da shekara guda kuma take ganin babu abin da ba ta sani ba a kan maza.

"Wanga mai wushirya? Ke dai ba ki da ido," in ji Taibatu. "To in shi kike so, ai da sauƙi. Ki ɗebi ƙasar sawunai, ki ƙulle a tsumma, ki sa ƙarƙashin tabarmarki. Kwana bakwai, da kanshi zai zo shina tambayar gidanku."

Nagode ta yini biyu tana bin sawu. Sai ta dawo tana kuka. Leburorin duka takalmin roba iri ɗaya aka raba musu, su arba'in, sawun kowa kamar na kowa.

Taibatu ta yi dariya har ta zauna ƙasa. "Kada ki ɗebo na tsohon nan mai tusa, ya biyo ki gida mu shiga uku!" Da ta ga abin ba wasa ba ne sai ta ce, "To ki samo abin da ya taɓa da hannunai, wanda zufarshi ta shiga."

Kwana uku bayan haka masu awo suka shiga gonakin gidanmu. Nagode tana tsaye gindin ɗorawa ta ga Jibrin ya kafa turke a gonar mahaifina, ya zana 214. Ya tsallaka gamba, ya kafa wani a gonar mahaifinta, ya zana 215, ya dafa kansa da tafin hannu yana share zufa. Suka wuce. Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa, ta koma ita kaɗai. Ta ce min ƙasar ta yi tauri, sai da ta zuba ragowar ruwan furarta a gindin turken, ta yi ta girgiza shi kafin ya fito. Ta sa shi cikin ƙwarya ta rufe da faifai.

Lissafinta biyu ne, ko wanne ya fi wani wauta. In maganar Taibatu ta ci, zai zo gidansu. In ba ta ci ba, ai za a ga babu turke, dole a sake turo shi ya kafa wani, ta ƙara ganinsa a gonar ubanta.

Ta yi mako guda tana zarya gindin ɗorawa da sabon kitso. Jibrin bai dawo ba, an tura ƙungiyarsu gaba. Waɗanda suka zo masu littafi ne, kuma ranar Talata suka zo, ranar da duk namijin da ke da ƙafa a ƙauyenmu yana kasuwar Mafara. Suka tarar da turke ɗaya a fili ɗaya. Ba su tambayi gamba ba, ba su tambayi ɗorawa ba. Suka tambayi wanda maigari ya haɗa su da shi, wa ke da 214, ya ce Jatau. Suka rubuta gona biyu da sunan mutum ɗaya, suka shiga mota.

Babu wanda ya sani a lokacin, har ita. Katafila ta zo ta tuge ɗorawar kamar ciyawa, ta kwashe gamba, ta cike kwari, ta aske tudu. Mutumin da aka haifa a wurin ya tsaya bai san inda kabarin kakansa yake ba. Damina uku ba mu yi shuka ba. Aka sayar da awaki, aka sayar da kwanukan jere. Ana cikin haka aka yi wa Nagode aure a Mafara, ta tafi da turkenta cikin kaya. Ta ce a lokacin ta riga ta fara mantawa da fuskar Jibrin, ta riƙe katakon ne kawai yadda yarinya ke riƙe tsohon ɗankunne. Sai rikicin 1980 ya zo, manoma suka tare hanyoyi, aka yi asarar rayuka. Wannan labari ne na daban, kuma manya har yau sai sun rage murya suke ba da shi.

Bayan ƙura ta lafa aka zo mayar da gonakin ɓangarenmu. Aka kira suna bayan suna. Aka kira Jatau. Ba a kira Hayatu ba. Filin da aka nuna wa mahaifina ya fi tsohuwar gonarsa girma, amma bai kai biyun a haɗe ba, saboda an yanke na hanya da na magudana. Baba Babba ya je ofis sau huɗu. Amsar ɗaya ce: ranar rubutu turke ɗaya aka gani, kuma littafi ba ya ƙarya.

To wa ya cire ɗayan? Mutanen ƙauye suka dubi wanda ya amfana.

Ina da shekara takwas aka yi zaman a ƙofar maigari. Mata suna daga cikin zaure suna saurare, ni ina manne da uwata. Nagode ma tana nan, ta zo ganin gida da goyon fari a bayanta. Mahaifina ya ce bai cire ba, bai san wanda ya cire ba, kuma a ja igiya yanzu a raba filin biyu, Yaya ya zaɓi ɓangaren da yake so.

"Ka ji ɓarawo mai kyauta!" in ji Baba Babba. "Ka sace duka, ka miƙo mini rabi in yi maka godiya? Wa ya san girman abin da ka ci? In kai mai gaskiya ne, ga Alƙur'ani nan. Yi alwala ka dafa."

Duk wanda ya san mahaifina ya san ba zai dafa ba. Malaminsa ya hore shi tun yana yaro cewa ba a dafa Littafi a kan abin duniya, ko da gaskiyarka, don rantsuwa ko ta gaskiya ce tana taɓa zuriya. Dattawa da yawa a wajenmu haka suke, kuma da wani ne ya ƙi, da an yaba masa. Ya ce, "Yaya, ba ni dafa Alƙur'ani kan ƙasa. Ƙasar da za a rufe mu da ita." Aka yi gunaguni. Wani daga baya ya ce, "To, shi ke nan, ta fito."

Sai Baba Babba ya miƙe, ya ɗaga yatsa sama, ya ce da ƙarfi yadda har na cikin zaure suka ji, "Duk wanda ya cire turken gonata, ko wane ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yahe ba duniya, ban yahe ba lahira."

Na tuna goyon Nagode ya fashe da kuka a daidai lokacin, ta fita da sauri ta bayan gida. Kowa ya ɗauka rarrashi ta tafi.

A wannan rana ta gane abin da ta yi. Tana da shekara goma sha takwas, tana da baki, turken yana Mafara, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Abin da take buƙata ta faɗa bai fi numfashi biyu ba. Wannan wuri ne nake komawa kullum, kuma duk lokacin da na koma sai raina ya ɓaci kamar yau aka yi. Yarinyar da ta cire katako don son wani mai wushirya ba ni da faɗa da ita. Matar da ta ji an kira ƙanen ubanta ɓarawo ta gyara goyo ta fita, ita ce nake magana a kai.

Aka ja katanga ta raba gidan kakanmu biyu. Aka huda sabuwar ƙofa ta baya don kada a haɗu. Mahaifina ya samu suna: Jatau Cire-turke. Ya daina zama majalisar gindin bedi, ya koma sahun ƙarshe a masallaci, yana fita kafin a shafa addu'a. In an yi rabon gado a ƙauye, da shi ake kira ya riƙe igiya, aka daina. A makarantar firamare ni ce ɗiyar Cire-turke. In fensirin wata ya ɓace, jakata ake fara zazzagewa. Ina jin tun daga nan na koyi yin shiru.

Filin kuwa, shi da kansa ya auna shi da taki, ya noma rabin yamma, ya bar rabin gabas. Bai taɓa sa masa fartanya ba. Shekarun da hatsinmu ke ƙarewa kafin kaka, uwata takan ce ko wake ne a watsa a wurin. Sai ya ce, "Ba nawa ba ne." Ƙaya da sabara suka cinye shi, a tsakiyar gonakin shinkafa, kowa na wucewa yana nunawa. Masu cewa ɓarawo ne suka ce kunya ce ta hana shi.

Baba Babba ya ƙare rayuwarsa yana ƙwadago a gonakin mutane. Ranar da ya rasu mahaifina ya zagaya ta ƙofar gaba, karo na farko cikin shekara tara, ya kama ƙafar makara. Ɗantala, babban ɗan mamacin, wan Nagode, ya cire hannunsa a gaban jama'a ya ce, "Ka ɗauke mishi gona, ba ka ɗaukar gawarshi." Mahaifina ya bi su daga nesa har maƙabarta, ya tsaya bayan kowa. Nagode tana cikin gida ana yi mata gaisuwa. An gaya mata abin da ya faru. Ta yi kuka sosai, aka ce kukan uba ne.

Duk tsawon shekarun nan ita kaɗai ce daga wancan ɓangaren ba ta yanke mu ba. Kowace kaka sai ƙullin shinkafa ya iso ta hannun wata mai zuwa kasuwa, da saƙon kada a gaya wa Ɗantala. Da na samu shiga jami'a a Sakkwato ita ta ɗinka min atamfa biyu. In na sauka a tashar Mafara gidanta nake fara shiga, ta dama min fura, ta zauna tana kallona ina sha. Uwata takan ce, "Nagode ba ta biyo zuciyar gidansu ba." Mun yi ta sa mata albarka. Mahaifina da bakinsa yake sa mata.

Bara, bayan na gama karatu ina jiran kiran bautar ƙasa, na je na yi mata mako guda. Aka yi ruwa mai ƙarfi da hantsi, rufin ɗakinta ya fara zuba daidai kan akwatin ƙarfe. Tana can tana kwashe shinkafar da ta shanya, ta ƙwala min kira in fitar da kayan ciki kada su jiƙe. A can ƙasa na ji abu mai tauri. Na warware kallabin. Katako ne da bai kai kamu biyu ba, ɗaya bakin a fiƙe, da busasshiyar laka a jiki. Jan fentin ya dushe amma ana karantawa: 215. Biyar ɗin tana da doguwar jela.

Babu ɗan gidanmu da bai san lambar nan ba. Na mayar da shi, na rufe akwati. Kwana biyu ina kallonta. Ta yi sallah, ta yi awo, ta yi wa maƙwabciya nasiha a kan haƙuri. Rana ta uku da safe, tana tsaye gaban tukunya, na ajiye shi kan faifan da ke gefenta.

Ta dube shi, ba ta dube ni ba. Ta rage wuta, ta zauna kan turmi.

"Balki, wa ya aike ki ƙasan akwatina?"

"Ke kika aike ni, Adda."

Sai ta ba ni labarin, tun daga ludayi har ranar zaman maigari, muryarta ba ta rawa, kamar wadda ta daɗe tana maimaita shi ita kaɗai. Har ta yi wata gajeriyar dariya. "Kin san na ganai? Shekara biyar da suka wuce, nan kasuwa, na biyo za ni duba wata mara lahiya. Shina sai da albasa. Haƙoran gaba duk sun zube, wushiryar ta zama ƙofa. Ruwan dam ya ci garinsu, ya koma Janbako. Na tsaya gabanai, ya ce, Hajiya ta nawa za a ba ki? Ko a mafarki bai san ni ba."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"In ce mi? In tsaya gaban maza in ce ni matar aure na ɓoye iccen wani ƙato a ɗakin mijina? Kuma kin ji abin da Baba ya hwaɗi. Duniya da lahira. In na yi shiru, bai san kan wa ta sauka ba. In na yi magana, zai dube ni ya maimaita da sunana. Na ce bari ya huce. Ya huce, ya huce, har ya mutu."

"Bayan ya mutu fa? Shekara bakwai ke nan."

Ta juya turken a kan faifan. Na ci gaba.

"Shinkafar da kike aiko mana, Adda, ta mece ce? Atamfar fa? Kin zauna kina kallo Baba yana sa miki albarka. Ni ba na iya magana cikin mutane, kin sani, kin sha yi min tsiya a kai. Kin taɓa tambayar kanki inda na samo shi?"

Ban taɓa ɗaga murya ga babba ba sai ranar. Ta ce in rufa mata asiri don Allah, 'ya'yanta sun girma, za a yi musu gori. Na ce an yi mana shekara goma sha shida, ba mu mutu ba. Na ce gobe zan koma gida da katakon nan. Ko ta biyo ni ta faɗa da bakinta, ko in faɗa da nawa.

Ta biyo ni.

Mahaifina ya tsufa fiye da shekarunsa, idonsa ɗaya ya yi yana. Na ce masa a kira Ɗantala da liman, Adda tana da magana. Ɗantala ya ƙi shigowa sai da liman ya je da kansa ya kamo hannunsa. Ya tsaya bakin zaure, ko takalmi bai cire ba. Aka yi gaisuwa doguwa wadda babu mai jin ta. Nagode ta durƙusa, ta ja mayafi har goshi, ta tura turken gaban tabarmar mahaifina, ta faɗa. A taƙaice ta faɗa, amma ba ta ɓoye sunan Jibrin ba, ba ta ɓoye ranar maigari ba. Wannan kam na shaide ta.

Ɗantala ya fara cewa ƙarya ne, an haɗa baki da 'yar boko. Sai ya ɗauki katakon ya ga lambar. Ya yi kan ƙanwarsa da shi a ɗage, liman ya shiga tsakani. "Don wani lebura? Ubanmu ya mutu shina noma gonar wasu don wani lebura da ko sunanki bai sani ba?"

Mahaifina ya miƙa hannu aka ba shi. Ya daɗe yana juya shi, ya kai kusa da idonsa mai gani.

"Wanga ne?" ya ce. "Ɗan wanga? Ɗorawar da ubanmu ya dasa, mutum uku ba su zagaye ta da hannu, ba ta isa shaida ba. Wanga da yarinya ta cire da ruwan fura, shi ne shaida." Ban taɓa ganin fushinsa haka ba, kuma ban san ko da wa yake ba, ina jin da kowa ne.

Nagode ta ce, "Baba, ka yahe mini."

"Nawa na yahe, ɗiyata, don ba ni son in tahi da kaya. Na Yaya ba ni da iko da shi. Kin bari ya tahi da shi. Can za ki same shi." Ya juya ga liman. "Malam, a masallaci aka ɓata ni, a masallaci nike son a hwaɗi. Ranar Juma'a, kahin mutane su watse."

Aka faɗa. Ba a ambaci dalilin yarinta ba, liman ya ce kuskuren ƙuruciya ne daga cikin gidan marigayi, amma kafin la'asar babu matar da ba ta san sunan mai wushirya ba. Waɗanda suka fi kowa kiran Cire-turke su ne suka fara zuwa cewa su dama ba su taɓa yarda ba. Mahaifina ya amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, bai ba kowa tabarma ba.

Nagode tana nan Mafara tana turara shinkafarta. 'Yan sari ba su ragu ba, shinkafa ba ta san abin da aka yi ba. Ɗantala ba ya shiga gidanta. Da kaka ta aiko mana da ƙulli kamar kullum, uwata ta rasa yadda za ta yi da shi, ta ba maƙwabta. In na sauka a tasha yanzu, wucewa nake.

Washegarin Juma'ar nan mahaifina ya ɗauki turken da dutse ya tafi gona, na bi shi. Ya auna da taki kamar yadda ya yi shekara goma sha shida da suka wuce, ya kafa shi a tsakiya, lambar tana kallon gabas. Ya aika a gaya wa Ɗantala gonar ubansa tana jiransa.

Sai da ya kwana huɗu ya zo, da gatari da adda. Ya durƙusa nesa kaɗan ya ce, "Baba, ina kwana." Rabon da ya kira shi Baba tun ina firamare. Mahaifina ya ce, "Lahiya lau. Ga ta nan."

Sabarar ta fi tsayin mutum, saiwoyinta sun yi kaurin cinya. Ɗantala ya tuɓe riga ya fara sara. Mahaifina, wanda bai taɓa ganin mutum yana aiki shi kaɗai ya kasa kama masa ba, ya shimfiɗa buzunsa a kan kunyar ɓangarensa, ya zauna, ya naɗe hannu. Har azahar yana kallo. Ni ce na kawo wa mahaifina ruwa, kuma moɗa ɗaya na kawo, tasa kaɗai.